Shinkafa Mai Likimo

Dattijon bai taɓa kama sunan ɗansa na fari ba, kamar yadda alkunya ta tanada. Saboda haka da ya tashi aika masa saƙo a birni, cewa ya yi a gaya wa "wancan ɗan bokon" ya zo gida Bakura, akwai magana. Ɗan ya iso ranar wata Laraba da la'asar, ana sauran makonni damina ta sauka, ya tarar da mahaifinsa a zaure da ƙaramin buhu a gabansa, wanda ya sayo a kasuwar Talata Mafara. Irin shinkafa ne. Mai sayarwa ya ce masa sabon iri ne mai jure ambaliya, ruwa ba ya kashe shi. Dattijon kuwa ya riga ya yanke shawara, bana da shi zai shuka gonar kwari, wadda ruwa ke cinye masa kusan kowace shekara. Ba shawara ya kira ɗan ya ba shi ba. So yake kawai a karanta masa rubutun jikin buhu.

Rubutun ya ce FARO 66. Ɗan ya san sunan, don ya shafe shekaru a ɗakin gwaji yana bin diddigin abin da ya bambanta wannan iri da sauran. Da ya ji inda za a shuka shi sai gabansa ya faɗi, domin ya san gonar kwari tun yana bin mahaifinsa korar tsuntsaye.

Gonaki biyu suka rage wa gidan. Ɗaya tana cikin filin noman rani na Bakalori, inda hanyoyin ruwa ke kawo ruwa daga madatsar da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. A can, idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kuma magudanai suka toshe da yashi da kacala, ruwa yakan shanye kan shuka na 'yan kwanaki, sa'an nan ya janye. Ta biyun wani kwari ne kusa da tsohuwar hanyar gulbi, inda ruwa ke taruwa a tsakiyar damina ya yi zamansa har kaka. Kakan ɗan ya noma wata jar shinkafa a wurin, wadda suke kira mai bin ruwa: ruwa na hawa tana hawa, kullum kanta a waje. Da madatsa ta canza halin gulbi, ambaliyar da ke ciyar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamar yadda binciken W. M. Adams ya nuna a shekarun 1980. A cikin wannan juyi ne irin kakan ya ɓace daga rumbun gidan. Dattijon yana saurayi lokacin da manoma suka tayar da ƙayar baya kan diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye a watan Afrilu na 1980, rayuka suka salwanta. Ba ya maganar. Abin da ta bar masa shi ne rashin yarda da duk abin da ya zo da takarda. Idan har yau ya ɗora begensa a kan buhu mai rubutu, to dole ce ta sa: gonakin tudu da ke wajen Maradun sun gagari zuwa saboda 'yan bindiga, bakunan gida kuma ba su ragu ba.

Mai sayar da iri bai yi ƙarya ba, kuma a nan wahalar take. Cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi sun fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017, bayan ɓarnar da ambaliyar 2012 ta yi wa manoman shinkafa, kuma lalle suna tsira idan ruwa ya rufe su ruf na kimanin mako biyu. Amma "jure ambaliya" magana ce mai faɗin baki. Ta haɗa ruwan da ke zuwa ya wuce da ruwan da ke zuwa ya zauna, alhali shinkafa ba da dabara ɗaya take fuskantar su ba. Ɗan ya san idan ya ce wa mahaifinsa kada ya shuka, ba tare da dalili ba, za a ji shi a matsayin yaron da boko ya sa wa ƙaiƙayin baki. Dalilin kuwa da Turanci ya koye shi, bai taɓa faɗarsa da Hausa ba.

Daren nan bai yi barcin kirki ba, yana laluben kalmomi. A rediyo da jaridu, "ƙwayar halitta" ta zama jakar magori. Da ita ake kiran ɗan mitsitsin ɗakin da jikin mai rai ya ginu da shi, da ita ake kiran abin gadon da ke cikin ɗakin, wani lokaci har da zaren da gadon ke rubuce a kansa. Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share wa masu nazarin harshe da adabi hawaye, amma shi ɗan, a nasa fagen, bai da abin dogaro sai kunnensa. Ya bar "ƙwayar halitta" ga ɗakin, ya ajiye "ƙwayar gado" ga abin da ake gada. Sauran ya ɗebo su daga makarantar zaure, inda mahaifinsa ya yi nasa karatu.

Da safe bayan an karya, ya ce, "Baba, ku ba ni aron kunnenku kaɗan." Ya ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta shinkafa akwai kundi guda, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal, an ɗaure shi juzu'i goma sha biyu. Kowace ƙwayar gado babi ce a cikinsa. Kundin ba ya barin ɗakinsa. Idan ana bukatar wani babi, juyar sa ake yi a kan takarda mai saurin lalacewa, a kai ta inda ake ƙera furotin, wato ma'aikatan da ke gudanar da jiki. Dattijon ya gyaɗa kai, ya san juyin littafi, ya ga malaminsu yana yi da alƙalamin kara. To ba duk babi ake juya a lokaci ɗaya ba. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su zauna a goshin babi, a kan wasu 'yan haruffa da suka sani, su kira majuyi ya juya, ko su hana shi. Irin wannan ya kira mai izinin juyi. Shi ma ba da ra'ayinsa yake aiki ba, sai labari ya iso masa daga waje, hannu zuwa hannu. Wannan kuma ya kira salsalar saƙo.

A shinkafa, farkon salsalar wata iska ce mai suna etilin, wadda tsiro ke fitarwa kullum ta watse. Ita ce ke nuka mangwaro da ayaba idan an rufe su a kwando. Idan ruwa ya rufe shuka, iskar ba ta samun mafita, domin tafiyar iska a ruwa ta fi ta sarari nawa kusan sau 10,000. Sai ta taru a jikin shukar, taruwar nan ita ce labarin cewa an nutse. Yawancin shinkafa da jin wannan labari sai ta ruɗe, ta kwashe ɗan guzurin da ta tara ta zuba a miƙewa, ko ta kai ga iska. Idan ruwan ya fi ƙarfinta ta mutu da yunwa, idan kuma ya janye ya bar ta doguwa, fara fat, ba ƙwari, ta kwanta cikin laka. A cikin irin da ke buhun akwai wani mai izini, SUB1A, wanda da labarin ya iso masa sai ya ba da umarnin a tsaya cik.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya yi tambayar da ta fi kowace. "Wanga mai izini, wa yag gane shi da ido nai?"

Babu wanda ya gan shi yana aiki. Abin da ake da shi shaidu ne, kuma duk aikin ɗakin gwaji tara shaidun ne da gwada su, kamar yadda masana Hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun tabbatar wane ya sadu da wane. Shaida ta farko ba ta bukatar komai sai kwatami da ruwa. Manoman Odisha a gabashin Indiya sun daɗe da wani iri da ke tsira bayan nutsewa, masu bincike suka tace shi suka sa masa suna FR13A. Aka haɗa jinsinsa da na irin da ba ya tsira, aka nutsar da jikokinsu, ana duba wane yanki na kundin ne ke tare da masu tsira a kowane lokaci. A 1996 Kenong Xu da David Mackill suka nuna yankin yana juzu'i na tara. Sai da aka ƙara shekara goma, aka bi tsirrai dubbai, kafin a 2006 su da Pamela Ronald da Julia Bailey-Serres da abokan aikinsu su bayyana a mujallar Nature cewa babi uku ne jere a wurin, 'yan gida ɗaya, kuma zargi ya fi ƙarfi a kan SUB1A.

Zargi kuwa ba hukunci ba ne. Ganin mutum a kasuwa ranar da aka yi sata bai sa shi ɓarawo. Sai aka tambaya: shin ana juyar wannan babi lokacin da ake bukatarsa? Don amsa wannan ake tsinke ganye a jefa shi nan take cikin ruwan naitirojin mai sanyin awo 196 ƙasa da sifiri, a niƙe shi, a tsamo takardun juyin kafin su lalace, a mayar da su rubutu mai ɗorewa, sa'an nan a riɓanya su da na'urar PCR har su ƙirgu. Aka ga juyin SUB1A yana hauhawa idan shuka ta nutse, yana kuma hauhawa idan an shaƙa mata etilin ko da ba ruwa. Wannan ya ɗaure mahaɗi na farko a salsala. Shaidar da ta yanke magana ita ce ta dashe: aka ɗauki babin shi kaɗai aka sa a cikin wani iri da ba ya tsira, mai suna Liaogeng, sai ga shi yana tsira.

Saura a san a goshin wane babi yake zama, kuma a nan dabarun suka fi daɗin ji. Akwai ta tsere. Ana zuba guntun zaren gado a cikin wani abu mai kama da daskararren kamu, a saki lantarki ya ja shi. Guntun da yake shi kaɗai yakan yi nisa, wanda furotin ya ɗare a kansa kuwa nauyi ya riƙe shi a baya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce shaidar kamu. Sai dai wannan a kwalba ya faru, mai musu zai ce a jikin tsiro fa? Don haka ake da ta kama-a-hannu: a jiƙa ganye mai rai da fomalin, wanda ke manne kowane furotin a daidai inda yake zaune a wannan lokaci, a daddatse zaren, a jefa wani ƙugiya da ba ya kama kowa sai furotin da ake nema, a jawo shi tare da guntun da yake riƙe, a karanta guntun. Ta uku ta fitila ce. Ana yanko goshin babin da ake zato, a liƙa shi gaban babin da ke sa maƙesu walƙiya da dare, a sa su cikin ƙwayoyin halittar shinkafa. Idan mai izini ya ba da izini, kwalba ta yi haske, na'ura ta auna. Da irin waɗannan hanyoyi masu bincike a Taiwan suka nuna a 2019 cewa SUB1A yana tayar da wasu masu izini biyu a ƙarƙashinsa, ERF66 da ERF67, su kuma su buɗe nasu babobin.

Tsayawar fa, ta ina take zuwa? Abin da ke sa tsiro miƙewa wani sinadari ne, jibaralin, kuma akwai furotin da ke taka masa burki. A 2008 Takeshi Fukao da Bailey-Serres suka auna waɗannan furotin, SLR1 da SLRL1, suka ga sun fi taruwa a shukar da ke da SUB1A idan ta nutse. Ma'ana ko jibaralin ya yi kira, jiki ba ya amsawa. Wani abin mamaki kuma, akwai irin shinkafar da ke ɗauke da babin amma ba ta tsira sosai, kuma daga cikin abin da ya raba nata da na FR13A akwai harafi guda, wanda ya sauya ƙwaya ta 186 a carbin furotin. A 2016 Pallavi Singh da Alok Sinha a Delhi suka nuna cewa wani furotin, MPK3, yana buga wa nau'in mai tsira hatimin fosfet da ke ƙarfafa shi, ɗayan kuwa ba ya samun hatimin.

Ɗan bai faɗa wa mahaifinsa duk waɗannan sunaye ba. Ya faɗi tseren, da ƙugiya, da maƙesu, wanda ya ba dattijon dariya. Ya kuma kwantar masa da hankali kan abu ɗaya da ya ji ana ce-ce-ku-ce a kansa: dashen da aka yi na gwaji ne, irin da ke buhun kuwa ta auratayyar shinkafa da shinkafa aka same shi, ana duba 'ya'ya da PCR a zaɓi masu ɗauke da babin. Sa'an nan ya zo kan abin da ya hana shi barci. Mai tsayawa cik guzurinsa yake tattali, kuma guzuri ƙarewa yake. Bayan mako biyu ko ɗoriya kaɗan, shukar da ba ta ga rana ba ta mutu a inda take tsaye. Ruwan gonar kwari wata biyu yake yi. Abin da ya dace da shi kishiyar wannan hali ne, halin jar shinkafar kaka. Masu bincike a Nagoya ta Japan sun gano a 2009 cewa a shinkafar Asiya mai bin ruwa wasu masu izini biyu ne, SNORKEL1 da SNORKEL2, ke sa gaɓoɓin kara su zuƙe har santimita 20 ko fiye a yini. Dangin SUB1A ne, etilin ɗin nan dai suke saurare, amma umarninsu a miƙe ne.

Dattijon ya yi shiru, yana juya 'yan ƙwayoyin iri a tafinsa. Daga baya ya ce, "Kwatamin nan da kac ce, sai ƙasar Turawa aka samu nai?"

Kunya ta ɗan kama ɗan. A inda yake aiki, daga cikin shaidun da ya lissafa, biyu kawai yake iya kafawa da hannunsa, ta kwatami da ta PCR, ita ma ta biyun sai ranar da wuta ta tsaya kuma kayan haɗi suka iso da ransu. Ya taɓa asarar ganyen da ya tara na damina guda a dare ɗaya, da injin ya mutu firji ya narke. Ya saba kallon kwatami a matsayin aikin marasa kayan aiki, ya manta da shi aka fara, kuma duk sauran shaidu gare shi suke komawa. Ban da haka, rubutun jikin buhu ba ya tabbatar da abin da ke cikin buhu, kasuwar iri ba ta rasa 'yan algus.

Suka samo tsofaffin durom biyu. Suka shuka irin buhu a kaskwaye, da FARO 44 da dattijon ya saba nomawa a filin Bakalori, a wasu kaskwayen. Da tsirrai suka yi mako biyu suka jera su a gindin durom, suka cika da ruwa. Ɗan ya koma bakin aiki, ya bar wa ƙanensa tsinke mai alama da littafin rubutu. Dattijon da ya ce shi ba ruwansa da wasan yara, shi ne kullum da hantsi ake gani tsaye a bakin durom yana leƙe.

Ranar da ɗan ya dawo aka tsiyaye durom na farko, kwana goma sha biyu da nutsarwa. FARO 44 ta yi tsawo, ta ɗashe, tana rasa ruwan da ke tallafe da ita ta zube. Ta buhu tana nan gajeriya kamar yadda aka bar ta, laka ta rufe ganyenta, ba ta da kyan gani. Bayan mako guda sabon ganye kore ya ɓullo daga zuciyarta. Ɗan ya ce wannan shi ne haƙurin da yake faɗa.

"Ba haƙuri na ba," in ji dattijon. "Mai haƙuri shina aiki nai, shina shan wuya. Wagga likimo tay yi. Kwantawa tay yi kamar ta mutu, har abin ya wuce."

Ɗan ya maimaita kalmar a ransa. Ya yi shekaru yana fassara wannan hali da "haƙuri" da "juriya" a duk lokacin da aka gayyace shi yi wa malaman gona bayani, kuma kowace daga cikinsu tana ba mai ji damar ya zaci abin ba shi da iyaka. Likimo kuwa kowa ya san na ɗan lokaci ne, ana yin sa ne a jira wucewar wani abu. Ya ciro littafinsa ya rubuta ta a gefen sunan Turancin.

Durom na biyu suka bari sai da ya cika mako biyar. Da aka tsiyaye shi wari ne ya fara fitowa. Dattijon ya sa yatsa ya taɓa abin da ya rage a kasko, ya goge a gefen rigarsa, bai ce komai ba. Washegari ya sa aka kai buhun gonar Bakalori.

Gonar kwari ta kwana a haka bana, sai ɗan gero a gefenta na tudu. Amma dattijon ya tuna da wata 'yar ƙanwar mahaifiyarsa da aka aurar a wani ƙauye bayan Maradun, wadda gidan mijinta ba su daina noman jar shinkafa ba, a iya saninsa. Shekara uku rabon da a ji daga gare su, kuma hanyar ba ta biyuwa. Ya ce zai sa cigiya a bakin direbobin da ke shigowa kasuwar Mafara ranar Talata, ko da cikin tafi ɗaya ne a samo. Ɗan ya roƙi a ware masa ƙwaya hamsin daga ciki idan an samu. Dattijon ya ce a fara samu tukuna, ya kuma sa ƙanen ya kife durom ɗin a bayan rumbu, kada yara su tafi da su.